Inda Hannun Baban Ummi Ya Ci

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na je Islamiyya, "Kulu, ya Nijar ɗin?" In na leƙa gidan suna, "Kulu, wai da gaske jita kika je ɗaukowa?" Sau uku ina fara ba ku labarin, kuka yana tsayar da ni a tsakiya. Shi ya sa na sayi littafi mai layi na zauna na rubuta, ku riƙa miƙa wa juna. A aji huɗu na tsaya, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Ga wadda ba ta sani ba, mijina, Baban Ummi, makaɗin jita ne. Ba ƙaramar nan mai zaƙin murya ba, babbar mai tsirkiya huɗu masu kauri da suke kira bes, wadda ake fara jin ta a ƙirji kafin a ji ta a kunne. A nan Gumel ba a cika neman irinsu ba, don haka can Damagaram yake bin masu kiɗan biki, ya yi wata guda ya dawo. Zuwansa na ƙarshe da zazzaɓi ya shigo, idonsa rawaya. Kwana tara Allah Ya karɓi abinSa. Jitar kuwa ya bar ta wajen abokinsa Lawali, don ya ce sati ɗaya zai yi ya koma.

Inna, mahaifiyarsa, idonta ya rufe shekara uku ke nan. Ranar da na fita takaba ta kira ni ɗakinta, ta lalubo hannuna ta riƙe.

"Kulu, abin kiɗan nan na Auta. A kawo mini in ɗora hannu a kai. Ba na gani, amma hannuna zai gane inda nasa ya ci."

Daga ranar kullum sai ta tambaya. Ga ƙafafunta suna kumbura, ga tuwo loma uku take yi ta ture. Na aika sau biyu ta hannun direbobi, shiru. Tsoro ya kama ni kada ita ma ta tafi ban cika mata wannan ba. Sai na roƙi Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata da ke dillancin awaki daga Sule Tankarkar, ya raka ni.

Ranar Alhamis muka tashi, don Kawu ya ce ranar kasuwar Maigatari ba a rasa motar tsallake. Na goya Ummi. Na ɗebi maganin zazzaɓi, na gudawa, ruwan leda har goma, katin ɗan ƙasata kuma na naɗe shi cikin leda uku na soke a zani. Kafin mu kai Maigatari na taɓa wurin ya fi sau ashirin.

"'Yar nan," in ji Kawu, "in kika ci gaba da wannan lalube, ɓarawo ma zai zaci gwal kika ɓoye."

Ni da nake jin ana cewa boda, na zaci katanga ce doguwa da ƙofa. Ashe sanda ce aka gitta a hanya, da rumfa, da mutane suna ta wucewa da raƙuma da buhuna kamar ba komai. A ɓangaren Nijar wani jandarma baƙi dogo ya miƙo hannu. Ni kuwa ban san kalma ko ɗaya ta Faransanci ba. Sai na ji ya ce, "Madam, ina zuwa da 'yar budurwa?" Hausa tsaf, kamar ɗan unguwarmu. Ya dubi katin, ya dube ni, ya sake duban katin.

"Wannan ke ce kuwa?"

"Ni ce, ranka ya daɗe. Rama na yi."

Ya sassauta murya. "Rasuwa aka yi?"

Na ɗaga kai. Ya ninke mini ledojin nan uku da kansa ya miƙo, ya ce Allah Ya jiƙan rai.

Motar da muka samu tsohuwar a-kori-kura ce, mu goma sha wani abu a baya, da rago ɗaure a kan kaya. Ba mu yi nisa ba ragon ya sako fitsari daidai kan hular Kawu. Mota ta ɗauki dariya. Kawu ya cire hular yana yarfewa yana cewa shekara talatin yana sayar da danginsu, yau suka samu ramawa. Ni ma na yi dariya, ita ce ta farko tun rasuwar, sai kuma na ji kunyar kaina.

Kafin garin Dungas na duba ƙafar Ummi na ga takalmi ɗaya babu. 'Yan jajaye ne, babanta ya sayo mata tun ba ta fara rarrafe ba, sai yanzu suka yi mata daidai. Na buga jikin motar ina ihu a tsaya. Direba ya leƙo yana faɗa, amma da Kawu ya gaya masa wanda ya sayi takalmin, sai ya kashe mota. Duk fasinjan suka sauka suna bin sawun taya cikin rairayi, har da wata tsohuwa Bafillatana mai ƙwaryar nono. Ba a gani ba. Tsohuwar ta dama mana fura a Dungas, ta ƙi karɓar komai.

Bayan la'asar muka shiga Damagaram. Abin da na fara gani ya ba ni mamaki shi ne mata da hijabinsu suna tuƙa babur da kansu, wata har da goyo. Masu acaba kuma kabu-kabu ake ce musu. Biyu suka kai mu gidan Lawali, ni ina riƙe da ƙarfen baya ina salati har muka isa.

Matarsa Mariyama ta karɓe ni kamar ƙanwarta. Ta kawo burodinsu mai tsawon hannu, mai ɓawo kamar ƙanzo, wanda suke dangwala wa miya kamar tuwo. Ta kawo dambu da zogale. Nan na yi abin kunyata na farko. Na ga randa cike, na wanke wa Ummi kaya tas, na yi mata wanka, na ɗauraye zanen goyo. Sai daga baya na lura kowa a gidan da buta ɗaya yake komai. Ashe famfonsu sai ya yi kwanaki bai zo ba, randar nan ruwan kwana biyu ce. Mariyama ta ce, "Babu komai, ai baƙo ba ya laifi a rana ta farko." Amma na ga ta leƙa randar sau biyu.

Da safe Lawali ya shigo da baƙar jakar jitar. Gajere ne mai fara'a, sai ɗoki yake wajen zuge zif.

"Maman Ummi, na san an yi ta aike ina jan ƙafa. Ga dalili. Ban so in mayar da kayan ɗan uwana da dauɗa ba."

Ya ɗago ta. Ja ce wur, tana ƙyalli, har na ga fuskata a ciki. Ƙarafunan fari tas, tsirkiyoyi sababbi.

"Wannan ta wa ce?" na ce.

"Tasa ce mana! Wajen mai fentin mota na kai, ya kankare ta har katako, ya cike duk ramukan, ya fesa sau uku. Mu makaɗa duka muka haɗu muka yi. Ai girmama mamaci ne."

Na karɓa na juya ta. Inda damtsensa ke gugar ta har fenti ya cinye, babu. Bayan da kan bel ɗinsa ya karce, sumul. Na kai hancina, warin gareji kawai. Ban yi kuka ba. Cewa na yi, "Inna ba ta gani. Da hannu za ta duba." Lawali ya dube ni, fara'ar ta zube daga fuskarsa. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai yana ta innalillahi. Ban iya yi masa faɗa ba. Ko ni aka ba wa ajiyar kwanon mamaci, ai wanke shi zan yi kafin in mayar.

Mariyama ce ta ce, "A kai wa Malam Isufu."

Shagonsa yana wani lungu a unguwar Zango. Dattijo ne siriri mai tabarau ɗaure da zare. A da kafinta ne, yanzu gyaran jita yake. A bango an rataye jita biyar, duk sun koɗe, sun tsattsage, ƙarafunansu da tsatsa. Kawu ya ce, "Malam, waɗannan ai sai bola." Malam Isufu ya yi murmushi ya ce wata biyu da suka wuce duk cikin kwali suke, sababbi fil. Shi ya tsufar da su. Wai akwai masu saye a ƙasashen Turawa, da samarin makaɗa a nan, da suka fi son jita ta yi kamar ta shekara arba'in ana kaɗa ta.

Kawu ya riƙe haɓa. "Ikon Allah. Mu a kasuwa tsohuwar akuya muke shafa wa mai a ƙaho ta koma budurwa. Kai kuma budurwar kake mayarwa tsohuwa, a biya ka."

Lawali ya ba shi labari. Malam Isufu ya daɗe yana shafa jitar, sannan ya dube ni ta saman tabarau.

"'Yata, zan gaya miki gaskiya. Ido nake yi wa aiki. Masu sayen kayana sun san ƙarya ce, ita suke so. Ban taɓa yi wa hannun makauniya aiki ba, balle uwa."

Na ce ya gwada, don ba ni da wani abin da zan kai mata.

"To akwai hoto?"

Hotunan da ke wayar Lawali duk daga nesa ne, ba a ganin komai. Malam Isufu ya ce, "To ke ce hoton. Zauna nan."

Kwana uku muka yi muna zuwa shagon. Rana ta farko ya kashe ƙyallin da samfefa mai laushi da toka. Sannan ya sa Lawali ya rataya jitar, ya ce in nuna yadda mai ita ke riƙe ta. Ku da kuka san ni, ya zan buɗe baki in siffanta jikin mijina a gaban maza uku, ciki har da kawuna? Sai na riƙa raɗa wa Mariyama, ita kuma tana faɗa da ƙarfi.

"Ta ce ya fi ka tsawo!"

"Wannan kowa ya sani," in ji Lawali.

"Ta ce ba a ƙirji yake ɗaure ta ba kamar mai tallan goro, har cinya yake sauke ta!"

Haka muka yi ta yi har Mariyama ta faɗi wani abu ba daidai ba. Ta ce hagu, alhali dama na ce. Ban san lokacin da na tashi na ɗora yatsana a kan katakon ba. "Nan. Daga nan zuwa nan. Ba zagaye ba ne, kamar ganyen mangwaro yake, kuma ƙasan ya fi cinyewa." Daga nan kunya ta tafi. Malam Isufu ya zana da alli ya fara gogewa a hankali, jan yana tafiya, fari yana fitowa, sannan katako.

Ban san na san jitar nan haka ba. Ashe duk safiyar da yake zama a bakin gado yana kaɗa ta ba tare da lasifika ba, ni ina shara, idona yana kanta. Na nuna ramin babban yatsansa a saman tsirkiya ta farko. Na nuna bayan wuyan, inda gumi ya baƙanta wurare uku, na tsakiya ya fi duhu. Na nuna ƙunar da ke can sama, wadda ni na jawo da na ajiye maganin sauro kusa da ita, ya yini ba ya yi mini magana. Malam Isufu ya kunna maganin sauron ya ɗora daidai wurin. Don karcen baya kuwa, kan bel ɗin Kawu ya ara. Kawu ya yini riƙe da wando.

Rana ta biyu Malam Isufu ya shanya jitar a rana har ta yi zafi, ya ɗora mata ƙanƙara a cikin leda. Muna ji fentin yana ƙas-ƙas, 'yan tsagu sirara suka bazu kamar a tafin ƙafar tsoho. Ƙarafunan ya jiƙa su a ruwan gishiri da tsamiya. Ya dafa shayinsu na Buzaye, mai ɗaci a 'yan kofuna kamar murfin kwalba, ya ba mu na farko da na biyu da na uku, ganyen kuma ya cuɗa shi da man takalmi ya shafe duk inda katako ya fito. Ya rataye jitar a kan hayaƙin garwashi.

Abu ɗaya ne ya karya ni. A gefen ƙasa akwai sawun haƙori biyu, na Ummi, lokacin da suka fara fito mata. Babanta ya hana a goge, yana nuna wa kowa. Da na faɗa, Malam Isufu ya ce, "Ai ga mai haƙoran nan, a ba ta ta ciza." Na buɗe bakinta ya gani. Takwas ne yanzu. Shida bai gan su ba. Malam Isufu ya ɗauko ƙusa biyu ya daddanna. Ni kuwa na fita bayan shagon, Mariyama ta biyo ni da buta.

Rana ta uku Malam Isufu ya mayar da tsofaffin tsirkiyoyin, da yake Lawali bai yar ba. Da ya miƙo mini ita, na karɓa na juya ta. Ita ce. Wallahi ita ce. Lawali ya juya baya yana share ido da hula.

A dawowa wani ma'aikaci a boda ya ce a buɗe jakar. Ya duba ya ce, "Kai, wannan ta sha duniya. Ta kakanku ce?" Kawu ya taka mini ƙafa a hankali. Daga nan har Gumel ina ta gaya wa kaina, in mai ido biyu bai gane ba, Inna ma ba za ta gane ba. Sai kuma in ce, Kulu, makauniya za ki yaudara? Ban tsai da magana ɗaya ba har keke ya sauke mu a ƙofar gida.

Tana zaune a tabarma a inuwar ɗaki. Ko gaisuwa ba ta bari mun gama ba. Na ɗora mata a cinya.

Ta fara daga sama. Ta sami ƙunar, ta wuce. Ta bi wuyan da tafin hannu. Ta sa babban yatsanta cikin ramin nasa ta daɗe a nan, leɓenta yana motsi. Na fara sakin numfashi. Sai ta kife jitar, ta kai hannu can ƙasan baya kusa da inda ake maƙala maɗauri. Ta shafa. Ta sake shafawa. Ta koma ɗaya gefen ta dawo.

"Ina ramin?"

"Wane rami, Inna?"

"Akwai rami nan. Babban yatsa yana shiga."

Tun da na san jitar, baƙin salatef ne manne a wurin. Na zaci ado ne, ban taɓa ɗagawa ba, shi kuma bai taɓa gaya mini ba.

"Kulu, wannan ba ta Auta ba ce."

Na durƙusa na gaya mata komai, fentin motar, da Malam Isufu, da ƙanƙara, da ƙusa biyu. Ina jira ta ture ta, ko ta ce in fita. Sai ta sake shafa katakon.

"Katakon dai nasa ne?"

"Nasa ne, Inna."

"Sauran wuraren nan duk ke kika nuna? Babu hoto?"

"Ni ce."

"Ashe kina kallonsa haka." Ta gyara zama. "Ɗauko mini muciya."

Ban gane ba, amma na je madafa na ɗauko na sa mata a hannu. Ta lalubi wurin da hagu, ta ɗaga muciyar da dama.

"Ranar da ya fara shigo da ita gidan nan, kafin a san da ke, tuwo nake tuƙawa. Na ce ɗan malam ba zai zama maroƙi ba ina da rai. Shi na kai wa duka, ya kare da ita. Ƙato da shi ya zauna nan yana kuka, ba don kansa ba, don ita. Kullum ina cewa gobe zan ce ya yi haƙuri."

Hannunta yana sama. Na rufe idon Ummi da tafin hannuna, ni ma na runtse nawa. Ban ji komai ba. Da na buɗe, ta sauke muciyar a tabarma.

"A'a. Sau ɗaya ya isa." Ta turo mini muciyar da ƙafa. "Je ki ɗora tuwo, kun sha hanya."

Na ɗauki muciyar na tafi madafa. Jitar kuwa ba ta ba ni ba. Har na sauke tukunya tana rungume da ita, tafin hannunta a kan wurin da babu komai.